Kafin a Sayo Sabuwar Saba: Sharhi Kan Wata Takardar Kwangila Daga Tudun Wada

Wata Asabar cikin watan Afrilu ina ɗakin gwaji a Kano, sai ga kiran kawuna daga Tudun Wadan Dankadai. Shi ne ma'aji a wata ƙungiya da ke yi wa manoman shinkafa da masara rajista, ta ba su taki da iri bashi, su biya da kaka. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Kai ɗan boko, an kawo mana wata takarda duk Turanci, wai sai mun sayi sabuwar saba. Zan turo maka ta WhatsApp, ka duba mana kafin zaman kwamiti."

Na ce, "To Kawu, me ya sami tsohuwar?"

Ya ce, "Nauyi take yi. Ka danna fayil, ka je ka yi alwala ka dawo, bai buɗe ba."

Takardar shafi 4 ce, wani mai harkar kwamfuta ya rubuta ta. Ba zan ambaci sunansa ko na ƙungiyar ba, don irin wannan takarda tana yawo a ofisoshi da makarantu da asibitoci da yawa, suna kawai ake canzawa. Kuɗin da ta nema ya kai na buhunan taki masu yawa, ga damina ta ƙarato. Shi ya sa na ga ya dace a karanta ta kamar yadda muke karanta rahoton bincike: me ta yi da'awa, wace hujja ta kawo, me kuma ta bari a baya.

Me takardar ta ce?

Da farko, mece ce saba? Da yawanmu a shari'ar zaɓen 2019 muka fara jin kalmar, har wasu suka ɗauka wata na'ura ce ta sihiri. Alhali kwamfuta ce kawai da aka ware don ta yi wa sauran kwamfutoci hidima. Sabar fayil ita ce rumbun ofis: a cikinta ake ajiye takardu, kowa ya ɗauko daga teburinsa ta wayar netwok. A ofishin su Kawu, tsohuwar kwamfutar tebur ce mai Windows 7 da faifan ajiya guda ɗaya na terabait 2, kwamfutoci 14 suna jingine da ita.

Hujjojin takardar a taƙaice su ne: ma'aikata suna kukan jinkiri, faifan ya kusa cika, na'urar ta tsufa. Magani kuma: babbar saba mai ƙarfin furosesa, da wurin ajiya ninki huɗu, da tsarin RAID wanda a cewarta zai hana bayanai ɓacewa har abada.

Na karanta sau biyu ina neman abu ɗaya: awo. Lamba ɗaya tak da aka samo daga jikin na'urar a lokacin da take nauyin. Babu. Duk lambobin da ke ciki na kayan da za a sayo ne da farashinsu. Wannan shi ne babban raunin takardar, kuma daga gare shi sauran suka fito. Kamar mai kemis ne da za ka ce masa jikinka da zafi, kafin ka rufe baki ya ce "taifot da maleriya", ya fara ƙirga ƙwayoyi. Wataƙila ya dace. Amma in bai dace ba ma, shi dai ya yi ciniki.

Girman dam daban, faɗin kwata daban

Duk wanda ya taso a yankinmu ya san dam ɗin Tiga da ke ƙasar Bebeji, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, don ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan ruwa ke bin babbar kwata zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure. To mu ce manomin da ke can ƙarshen layi ya wayi gari ruwa bai iso gonarsa ba. Zai iya kasancewa ruwan dam ne ya ja baya. Zai iya kasancewa ciyawa da laka ne suka toshe kwata. Zai iya kuma kasancewa kowa ya buɗe ƙofarsa a lokaci guda. In kwata ce ta toshe, ko ka ninka tsayin dam ɗin, gonar nan ba za ta ga ɗigo ba.

Haka saba take. In aka ce "ta yi kaɗan", ana iya nufin wurin ajiya ya ƙare, wato dam. Ana iya nufin hanyar da fayil ke bi zuwa teburin ma'aikaci ta yi ƙunci, wato kwata. Ana kuma iya nufin ita kanta na'urar, furosesa ko faifai, ba ta iya amsa buƙatu da yawa a lokaci ɗaya. Kowanne da alamarsa, da maganinsa, da farashinsa. Takardar ta cakuɗa su duka ta kira su "ƙarancin ƙarfi".

Ranar Litinin na hau mota hanyar Jos na sauka Tudun Wada, don gani ya kori ji. Na zauna gaban sabar daga ƙarfe 9 zuwa 12, daidai lokacin da manoma suka cika baranda ana rajistar damina. Ban zo da wata na'ura ta musamman ba. Task Manager da Resource Monitor na buɗe, waɗanda suke cikin kowace Windows kyauta. Furosesa na gyangyaɗi, da ƙyar take wuce kashi 10 cikin 100. Ƙwaƙwalwar aiki ko rabi ba ta kai ba. Amma layin netwok ya manne a sama, ya ƙi saukowa. Da na duba gudun layin, sai na ga megabit 100 a daƙiƙa.

Na bi wayar har bayan kabad, inda na tarar da suwic, wato akwatin da wayoyin ofis duka suke haɗuwa a cikinsa. Tsohon yayi ne, iyakarsa megabit 100.

Bari mu yi lissafin tare, mai karatu. Bit 8 ne bait 1, saboda haka megabit 100 daidai yake da megabait 12.5 a daƙiƙa, a aikace kuma wajen 11 ake samu. Wannan ƙofa ɗaya ita kowa ke rabawa, tunda waya ɗaya ce ta shiga sabar. In mutum 10 suka buɗe fayil mai megabait 50 kowanne a lokaci guda, megabait 500 kenan, wajen daƙiƙa 45 kafin na ƙarshe ya samu. Kafin su gama wasu sun danna nasu. In da layin na gigabit ne, wato megabit 1,000, wannan kaya bai fi aikin daƙiƙa 5 ba, matuƙar faifan ya iya bi.

Ka ga kenan da an sayo babbar sabar an soka ta a wannan suwic ɗin, da megabait 11 ɗin nan dai za a ci gaba da rabawa. An bar jaki ana dukan taiki. Kalmar suwic ko sau ɗaya ba ta fito a takardar ba, alhali na gigabit mai ƙofa 16 ko kusa da farashin saba bai kai ba. Sai dai a kula da wayoyin ma: a cikin kowace wayar netwok akwai siraran wayoyi 8, tagwaye 4. Gudun megabit 100 tagwaye 2 yake amfani da su, gigabit kuwa sai duka 4 sun cika. In ɓera ya ci ɗaya, ko wanda ya haɗa kan wayar ya yi ha'inci, layin zai iya komawa 100 shiru ba tare da ya sanar da kowa ba.

Me ya cika rumbun?

Hujja ta biyu ita ce faifai ya kusa cika. Wannan gaskiya ne, sandar ta yi ja, kuma Windows kan mai da ita ja ne idan sararin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Amma takardar ba ta tambayi abin da ke ciki ba. Da muka jera foldodi daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta, Kawu sai da ya cire hula ya sosa kai. Finafinan Hausa da na Indiya, bidiyon bikin wani ma'aikaci, sai foldar rajistar bara da aka kwafa sau huɗu: "sabo", "sabo 2", "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske".

Sai kuma sikanin. An bar na'urar a kan ɗigo 600 a inci, da kala, ana ɗaukar fom ɗin da baƙar tawada ce kawai a jikinsa. Takardar A4 a ɗigo 600 tana da ɗigo kusan miliyan 35, a ɗigo 300 kuwa wajen miliyan 8.7, domin in ka ninka lambar sau biyu, girman ninki huɗu yake yi, tsaye da kwance. Kala kuma bait 3 take ci a kowane ɗigo, inda ruwan toka ke cin 1. Ninki 12 kenan kafin a matse fayil, a kan fom ɗin da ɗigo 300 ya ishe shi a karanta har sa hannun mai unguwa. Waɗannan manyan fayilolin su ne suke cika faifai, su ne kuma suke toshe layin. Maɓalli ɗaya a jikin sikana yana taɓa matsalolin biyu.

Tambayar da ya kamata takardar ta amsa mai sauƙi ce: wata nawa ya rage? Ka duba kwanan watan fayiloli, ka ga nawa aikin ofis ke ƙaruwa a wata, ka raba sararin da ya rage da shi. Misali, in gigabait 400 ya rage kuma ana ƙara 15 a wata, akwai wata 26 da ɗoriya a gaba. In kuwa 100 ake ƙarawa, wata 4 ne, sai a tashi tsaye. Wanda ya ce maka "a ninka sau huɗu" bai yi wannan rabawar ba, zato ya sayar maka. Tun 1955 wani marubuci ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya lura cewa aiki kan miƙe ya cinye duk lokacin da aka ba shi, daga baya masu kwamfuta suka ce haka ma bayanai suke yi wa faifai. Matan gida sun riga su sani: ɗaki komai girmansa, in ba a shara, tarkace sai ya kai ƙofa.

Jimlar da ta fi tayar min da hankali

Duk abin da na faɗa a sama asarar kuɗi ce. Wannan kuwa ta fi kuɗi. Takardar ta ce da RAID bayanai ba za su taɓa ɓacewa ba, kuma wannan kuskure ne.

RAID dabara ce da masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, Patterson da Gibson da Katz, suka yi wa suna a wata takarda ta 1988. A mafi sauƙin siffarta, faifai biyu ne suke rubuta abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Amfaninta ke nan, kuma yana da kyau. Amma in ma'aikaci ya goge folda bisa kuskure, ta gogu a duka biyun nan take. In tsawa ta faɗo da farkon damina, ko wuta ta dawo da ƙarfi, su biyun suna cikin akwati ɗaya. In ɓarawo ya fasa ofis, tare zai ɗauke su. Haka in manhajar garkuwa da fayiloli ta shiga. A watan Mayun 2017 irin wannan manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya, kuma ta cikin tsarin raba fayil na Windows ta bi, wato ainihin ƙofar da ofis irin na su Kawu yake buɗewa kullum.

Na tambayi Kawu, "In wannan faifan ya mutu yau, ina sunayen waɗanda suka karɓi taki bara?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Akwai littafi, amma tun bariya waccan aka daina cika shi."

Wato bashin manoma daga Tudun Wada har ƙauyukan Doguwa da Kiru, wanda ya biya da wanda bai biya ba, duk yana kan faifai ɗaya mai juyi da ya shekara da shekaru yana shan ƙurar hunturu. In ya tsaya, wanda ya biya ba shi da shaida, wanda bai biya ba kuma ya huta. Kuma faifai ba kullum yake sallama ba. A 2007 masu bincike na Google suka fitar da nazari kan faifai sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a binciken samansa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60, amma kuma wajen kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar gargaɗi a ma'aunan lafiyarsu ba.

Maganin wannan shi ne kwafin ko-ta-kwana, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'ajiyai iri 2, ɗaya daga ciki a wani gini daban. Ajiya a intanet tana iya zama ta ukun, amma kada ta zama ita kaɗai. Mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina a 2021, mun kuma ga yadda intanet ya yi rauni a Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace. A takardar nan, ba a ware wa kwafin ko-ta-kwana ko sisi ba.

Haka ba a yi maganar wuta ba. Mu ce sabuwar saba tana cin wat 200. A awa 24, kilowat-awa 4.8 kenan, kullum. Ofishin da ke lallaɓa sola da inbata, wa zai ɗauki wannan kaya? Ƙaramar na'urar ajiya mai faifai biyu, wadda ake kira NAS, wat 20 zuwa 30 ya ishe ta.

Inda takardar ta yi gaskiya

Ba zan zalunci marubucin ba. Da ya ce na'urar ta tsufa, ya faɗi gaskiya, har ma bai faɗe ta duka ba. Microsoft ta daina toshe ɓarakar tsaro a Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020. Kuma foldar a buɗe take ga kowa, ga hotunan manoma da lambobin NIN da BVN a ciki, alhali tun watan Yunin 2023 Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane da ta ɗora wa mai tara su nauyin tsare su. Saboda haka canji ya zama dole. Sai dai dalilinsa tsaro ne, kuma in dalili ya canza, abin da za a sayo ma ya canza: ƙaramar na'ura mai sabon tsari, inda kowane ma'aikaci yake da nasa mabuɗin.

Ya kuma yi gaskiya da ya ce kada a jira sai komai ya cika. Akwai ilimin lissafin layi, wanda Agner Erlang, injiniyan kamfanin tarho na Kofanhagen a Denmark, ya aza harsashinsa a 1909. Ɗauki injin casar shinkafa mai sallamar mutum ɗaya a minti 10, mutane kuma suna zuwa barkatai. A lissafi mafi sauƙi, in injin yana aiki rabin lokaci, zuwa da tafiyarka minti 20 ne. In ya kai kashi 80 cikin 100, minti 50. A kashi 90, minti 100. A kashi 95, minti 200. Jira ba a hankali yake ƙaruwa ba, tsalle yake yi a kusa da ƙarshe. Shi ya sa duk abin da ya zauna sama da kashi 70 zuwa 80 a lokacin cunkoso ya cancanci a duba shi. Amma fa sai an san wane abu ne: layi, ko faifai, ko furosesa. Kuma sai an auna a lokacin rajista ko lokacin biyan bashi da kaka, ba cikin Agusta ba da kowa ke gona.

To yaushe ofis ke buƙatar ƙari da gaske? Idan an share tarkace amma lissafi ya nuna sarari ba zai kai shekara ba. Idan layi gigabit ne kuma da sauran wuri, amma buƙatu suna cunkushewa a jikin faifai. Nan ma a fara gwada SSD, domin faifai mai juyi ƙananan buƙatu ɗari ko ɗari da wani abu yake amsawa a daƙiƙa, SSD kuwa dubbai. Ko idan ma'aikata sun yi yawa: Windows ta tebur ba ta barin sama da haɗi 20 a lokaci guda, saboda haka ofis mai kwamfuta 30 ya wuce wannan matakin ko da komai lafiya yake.

Laifin ma ba na mai takarda kaɗai ba ne. An kira shi an ce, "Nawa ne sabuwa?" Ya amsa abin da aka tambaye shi. Da an ce, "Zo ka auna mana mako biyu, za mu biya ka kuɗin awon, ko mun saya ko ba mu saya ba," da wata takardar daban aka samu. Muddin mai bincike sai ya sayar zai ci abinci, sakamakon bincikensa sananne ne tun kafin ya fara.

Zaman kwamiti

Ban halarta ba, Kawu ne ya ba ni labari. Ya ce wani dattijo ya dage a sayo babbar, don wata ƙungiya a Kano tana da irinta, kuma baƙi in sun zo suna gani. Aka yi ta ja har la'asar. A ƙarshe aka yarda a sayo suwic na gigabit da faifan waje guda biyu, ɗaya ya riƙa kwana a gidan shugaba ana musanyawa duk Juma'a. Aka rage sikana zuwa 300. Maganar canza na'urar aka ce shi mai takardar ya dawo ya auna, ya kawo sabon farashi kafin kaka. Na roƙi Kawu abu ɗaya: duk wata a ɗauko fayil ɗaya daga faifan wajen a buɗe shi a wata kwamfutar, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana nan ba.

Da daddare ya sake kira. Na ɗauka wani abu ne ya lalace.

Ya ce, "Ɗana, fayil yanzu kafin in gyara zama ya buɗe. Amma yaran ofis sun aiko ni da tambaya. Finafinan nan da ka ce a kwashe, ina za a kai su?"

Na ce, "Kawu, kowa ya zo da memorinsa."